Maƙerin Ƙararrawa da Injin Lambu

Akwai wani mutum maƙerin ƙararrawa. In ya narka jan ƙarfe sai ya zuba masa kuza don ya yi tauri, in an buga a ji amonsa har ƙauye na gaba. Jan ƙarfe zalla kuwa ya raina shi. Yakan ce, "Abin da yatsa ke lanƙwasawa, shi ma ƙarfe ne?"

Matarsa Damaris tana da lambun tumatir, injin lantarki ke jawo masa ruwa. Ana tsakiyar rani, guntun jan ƙarfen da ke kai wa injin wuta ya karye. Tumatir ya fara yaushi, ga shi ya soma 'ya'ya.

Maƙerin ya ce, "Kwantar da hankalinki, zan yi miki wanda ya fi shi." Ya zuba wani da ƙarfen ƙararrawarsa mafi kyau. Kai, abin ya yi sheƙi! Aka ɗaura, sai injin ya kama nishi, ruwa na fitowa ɗis-ɗis, ƙarfen ya ɗau zafi har ba ya taɓuwa.

Damaris ta kira Barnaba mai gyaran wuta. Ya kwance ƙarfen, ya ƙwanƙwasa, ya ji amo, sai ya fashe da dariya. "Malam, ƙararrawa ka rataya wa injin? Sujada zai kira? Kuzar da ta ba shi murya ita ta tare wa wuta hanya. Ba ka da zalla?"

Da kunya maƙerin ya je ya tono wani guntun jan ƙarfe zalla da ya taɓa yarwa a bayan maƙera. Suna ɗaurawa ruwa ya yi tsartuwa, ya jiƙe shi sharkaf. Damaris ta rangaɗa guɗa, shi kuwa yana tsaye cikin taɓo yana ta dariya.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Wutar ita ce ikon Allah, jan ƙarfen zuciyarka ce, lambun kuwa mutanen da ke jiran alheri ta hannunka. Kuza ita ce ɗan abin da muke gaurayawa: son a gan mu, son a yabe mu. Ni ma malaminku ina da tawa kuzar, kada ku dube ni haka! Tana sa mu yi amo, amma iko ba ya wucewa, sai zafin rai kawai.

Kai mai cewa ba ka da murya, ba ka da sheƙi, yi murna. Jan ƙarfen nan bai yi ƙara ko sau ɗaya ba, amma tumatir ya sha ruwa.