Ciwo a Kafaɗa, Allura a Ƙafa

Akwai wani mai sayar da taliyar hannu a birnin Lanzhou na ƙasar Sin, sunansa Geng Tieshan. Gwani ne na gaske, idan yana jan kwaɓin fulawa har tsayawa kallo ake yi. Sai dai bakinsa ya fi hannunsa aiki.

Maƙwabciyar shagonsa Likita Qiu ce, mai maganin gargajiya da soka siraran allurai. Duk sanda ta zo wucewa sai ya ɗaga murya: "Ga tela nan. Yau fatar wa za a ɗinke?" Ita dai ta yi murmushi, ta sayi taliyarta ta tafi.

Ana gab da bikin cikar mahaifiyarsa shekara tamanin, kafaɗarsa ta dama ta riƙe, ko riga sai matarsa ta saka masa. Ga shi a al'adarsu ranar haihuwa sai da taliyar tsawon rai, sili ɗaya dogo wanda ba a so ya tsinke. Tun yana saurayi shi ke ja wa tsohuwar, kuma ta ce in ba tasa ba ce, bana ba za ta ci ba.

Ya shafa wannan, ya manna wancan, shiru. Da ya ga uwar bari, sai ya lallaɓa wurin Likita Qiu ta ƙofar baya, kansa a ƙasa.

Ba ta tada tsohon zance ba. Ta taɓa jijiyar hannunsa, ta duba harshensa, ta ce, "Yaya Geng, zauna ka naɗe ƙafar wando."

"Wando kuma? Kafaɗa na ce miki."

"Na ji. Naɗe."

Ta soka allura a ƙwaurinsa ta murza a hankali. Nan Geng ya tabbata ramuwa ce.

"Haba ƙanwata, don na tsokane ki? Ciwon yana nan sama, sama nake ce miki!" Yana faɗa yana nuni da hannu.

Ta ce, "Da wane hannun kake nuna min?"

Ya duba. Hannun dama ne, ya kai har saitin kunne. Kunya ta kama shi, dariya ta ci ƙarfinsa.

"Kar ka yi saurin murna," in ji ta. "Da saura. Za ka riƙa zuwa, ka motsa hannun yadda zan koya maka, ka sha magani mai ɗaci. Kuma ta ƙofar gaba."

Haka ya yi ta zuwa, yana yamutsa fuska yana shanye maganin.

Ranar biki, a gaban 'ya'ya da jikoki, Geng ya ja taliyar nan. Kafaɗar tana ɗan zogi, amma silin bai tsinke ba. Tsohuwa ta kama bakin silin ta yi ta zuƙa har ta kai ƙarshe.

Ta goge baki ta ce, "Ta bana ta fi ta bara tsawo. To ku shirya, da sauran damunku da zan yi."

Gida ya kaure da dariya. Geng ya juya wajen tukunya yana share ido, wai tururi ne ya shige masa.

Darasi: Kada ka raina sana'ar wani don ba ka fahimce ta ba, ranar buƙata ba ta sallama. In kuma wanda ya raina ka ya zo neman taimako, yi masa da zuciya ɗaya. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman masu kaifin baki.