Bushiya da Man da Ya Faɗa Randa

Ga ta nan, ga ta nanku, na baya ku matso.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wata Bushiya ce a daji, tana da ɗa tilo, sunansa Dunƙule. Yaron nan ƙiriniya kamar me! Ran nan ya shiga gidan Kura yana tsalle-tsalle, sai ya ture kwalbar man gyaɗar da Kura ta sato a kasuwa. Man ya tuntsire cikin randar ruwa.

Sai Kura ta cafke yaron, ta jefa a buhu, ta ɗaure. Bushiya ta zo a guje, ta faɗi tana cewa, "Ranki ya daɗe, yaro ne, ki yi masa rai."

Kura ta ɗauko maburgi, muguwa, ta burge randar nan har ruwa da mai suka zama fari fat kamar nono. Ta ce, "Raba min su kafin rana ta faɗi. In kin kasa, ɗanki ne cefanena." Ta yi matashi da buhun, sai minshari.

Sai Bushiya ta samo ƙyalle ta tace. Ruwa ya wuce, mai ya bi shi.

Sai ta ce bari ta yi yadda ake yi wa gero. Ta ɗaga ƙwarya sama tana sheƙawa a iska, wai mai zai tashi kamar ƙaiƙayi. Ina! Abin ya ƙara fari.

Sai ta zari ƙaya daga bayanta tana tsintar ɗigon mai. Ta taɓa ɗaya ya fashe ya zama goma. Rana kuwa ta karkata. Bushiya ta fashe da kuka.

Ashe wata tsohuwar Hawainiya tana kan reshe tana kallo. Ta ce, "Ke 'yar nan, cire hannunki."

"Iya, ɗana fa za a cinye!"

"Na ce cire hannunki. Tun ɗazu 'yan ɗigon man nan suna neman juna, kina tarwatsa su."

Kai, jama'a, a ce wa uwa ta zauna alhali ɗanta na cikin buhu! Hannunta sai komawa randa yake. Dole ta dunƙule kanta tam, ta danne shi da cikinta.

Can ta leƙa. Me za ta gani? 'Yan ƙananan ɗigo, kamar idon kifi, suna tasowa daga ƙasan randa a hankali. Wannan ya taɓa wannan, sai su zama ɗaya. Su taɓa na gaba, su ƙara girma. Ba mai kiransu, ba mai kora su, amma kowanne ya san ɗan'uwansa. Ruwa kuma yana ja da baya, yana washewa. Bushiya ta zuba ido, har ta manta da kuka. Ta ce, "Ikon Allah! Iya, wa ya gaya musu hanya?"

Hawainiya ta ce, "Na tsufa ina kallo, ni ma ban sani ba."

Rana na shirin faɗuwa Kura ta farka tana lasar baki. Ta leƙa randa. Ga mai kwance a sama, yana sheƙi, ga ruwa garau a ƙasa, tsakaninsu kamar an ja zare.

"Wa ya raba su?"

Bushiya ta ce, "Ba kowa, ranki ya daɗe. Su suka raba kansu."

Kura ta sake leƙawa. Ita da ta burge su da hannunta! Tsoro ya kama ta, ta ja da baya. Da haƙorinta ta tsinke igiyar buhun.

Dunƙule ya fito, ya ruga ya manne a cikin uwarsa, ta naɗe shi, har ba ka gane ina uwa ina ɗa.

To kun ji. Ba kowane abu ne hannu ke gyarawa ba, wani sai an bar shi ya natsu.

Ƙurunƙus! Ta ƙare, kowa ya tashi ya ba ni wuri.