Kocin da Ya Ƙi Miƙewa

An yi wani mutum a garin nan namu, ya 'yan uwa, wanda da yawanku kun taɓa tsayawa cikin ƙanƙara kuna ihu da sunansa har muryarku ta dushe. Ba zan faɗi sunan ba. Wanda ya sani ya sani, wanda bai sani ba darasin ya ishe shi. Ku kuma samarin sahun baya, ku mai da wayoyinku aljihu. Wasa sai Lahadi, yau Juma'a ce.

Mutumin nan shi ne babban kocin ƙungiyar ƙwallonmu, ƙwallon Amurka da ake ruga da ita a hannu. Daga ƙasa ya taso. Wani dattijo mai suna Wendell Gaskins, wanda ke tsara wa ƙungiyar dabarun kai hari, shi ya gano shi a wata ƙaramar kwaleji, ya kawo shi garin nan da jaka ɗaya. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan Gaskins ya yi kakar wasansa ta farko. Matar Gaskins ta ɗura masa soyayyar kaza da burodin masara har ya yi kumatu. Dattijon ba ya kiransa da komai sai "ɗana".

Kuma Allah ya ba shi basira, ba zan rage masa ba. Ya hau, ya hau, har ya wuce malaminsa, aka ba shi ƙungiyar gaba ɗaya. Gaskins ya zama mataimakinsa, bai ji haushi ba ko kaɗan.

Wata al'ada ce ta ɗaukaka shi, kuma shi ya ƙirƙiro ta. Kowace Litinin, bayan wasan Lahadi, ana tara 'yan wasa da masu horarwa a ɗakin kallon faifai. A kashe fitila, a kunna wasan jiya. Duk inda aka yi ɓarna sai ya tsayar da hoton, ya yi shiru. Wanda ya yi kuskuren zai miƙe tsaye, ya bugi ƙirjinsa, ya ce, "Ni ne." Shi ke nan. Ba zagi, ba tara, sai a gyara a wuce. A shekarun farko shi kansa ya fi kowa miƙewa. Na gani da idona, domin ni ke zuwa wa Musulmin ƙungiyar da nasiha, kuma ana barina in zauna a baya. Ƙartin maza masu wuya kamar turmi suna kallon shugabansu yana bugun ƙirji yana cewa shi ne. Wa zai ƙi mutuwa a fili saboda irin wannan mutum?

Garin nan ya ɗaga kai a lokacin. Masana'antu sun rufe, mutane sun watse, amma ranar Lahadi mu ne. Ina alfahari da waɗannan shekarun, kuma ba na jin kunyar faɗa a kan mumbari.

To, sai yabo ya yi yawa. Aka sa hotonsa a allunan kan hanya, yana tallan motoci. Gidajen talabijin suka ce babu kamarsa. A hankali kujerarsa ta Litinin ta fara yi masa daɗi. Faifai zai tsaya a kan kuskuren da kowa ya san nasa ne, sai ya juya yana duban mutane ɗaya bayan ɗaya, har wani mataimaki ya gaji da shirun ya miƙe ya ɗauka. Ƙarshen kaka kuma, wanda ya ɗauka shi ake kora. Bana mai horar da masu tsaro, baɗi mai horar da masu bugu. Ya fito gaban 'yan jarida da fuskar tausayi ya ce ƙungiya na bukatar sabon jini. Ya 'yan uwa, jinin wa ya tsufa?

Ɗaya daga cikin waɗanda ya kora ya samu wata ƙungiyar, ya zama babban koci shi ma. Allah da ikonsa, wasan ƙarshe na kaka ya haɗa su a filinmu. Wanda ya ci ya shiga zagayen neman kofi, wanda ya faɗi ya tattara kayansa. Ana saura kwanaki, wancan ya tsokane shi a jarida. Ya ce tsohon maigidansa matsoraci ne, ba shi da zuciyar ruga da ƙwallo ya ƙetare layi, ba ya cin wasa sai da ƙafar mai bugu.

Maganar ta shige shi, ta zauna.

Ranar wasa, ana gab da tashi, suna gabanmu da maki biyu. Mu kuma ƙwallo na hannunmu, muna bakin layinsu, wanda in aka ƙetare shi da ƙwallo an ci maki. Ko jikata da ke firamare ta san abin yi: a turo mai bugu ya aika ƙwallo tsakanin sanduna, maki uku, mu tafi gida da nasara. Ba mu da sauran damar tsayar da agogo. Mai bugu ya riga ya sa hularsa.

Kun san mai jifa, wato ɗan wasan da ke jagorantar hari a fili, yana da ɗan rediyo a cikin hular kwanonsa, ta nan ake gaya masa dabarar da za a buga, kuma shi kaɗai ke ji. Mai jifanmu a lokacin Idris Calloway ne, ɗan masallacin nan, wanda ya yi karatun allo a ɗakin da ke bayanku. Kullum muryar Gaskins yake ji. A wannan karon babban koci ya danna nasa maɓallin, ya ce kada a buga, a ruga da ƙwallo ta tsakiya a ƙetare layi. Ba ya son ya ci da ƙafar mai bugu.

Aka ruga. Suka tare mu kafin layi, suka danne. Agogo ya ci gaba da tafiya, yaranmu suna ta kokawar tashi, har ya ƙare. Filin nan ya yi tsit, kana jin ihun baƙi su kaɗai a can lungunsu.

Kuskure ne babba, amma ba shi ya hallaka mutumin ba. Kowa na kuskure. Abin da ya hallaka shi ya faru ne a gaban 'yan jarida, da aka tambaye shi me ya hana a buga. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Koci Gaskins ne ke kiran dabarun hari. Ina girmama shi ƙwarai. Za mu duba lamarin."

Kafin gari ya waye sunan Gaskins ya zama abin zagi. A rediyo ana cewa ya rikice da tsufa. Wasu marasa tarbiyya suka je suka zubar da shara a ƙofar gidansa, gidan nan da aka ciyar da babban kocin. Washegari kuwa ita ce Litinin ɗin da kuka sani, wadda ke bin wasan ƙarshe, ranar da ake sallamar masu horarwa a duk faɗin ƙasar. Kowa ya san wa za a sallama a nan. Dattijon da ya ba wasan nan rayuwarsa zai fita da sunan wanda ya zubar da kaka, kuma a shekarunsa babu mai sake ɗaukarsa ya wanke kansa.

Da safe na tarar da Gaskins a bakin ɗakin faifai yana shan kofi. Na ce, "Koci, ba za ka yi magana ba?" Ya ce, "Malam, ni na kawo shi garin nan. In na tona shi, kaina na tona. Bar shi, zai tashi. Na san yaron."

Aka shiga, aka kashe fitila. Mai ƙungiyar, Misis Halloran, wadda ta gaji mijinta, ta shigo ta zauna kusa da ni a baya. Ba ta saba zuwa ba. Faifai ya yi ta tafiya har ya kai wurin. Kocin ya tsayar da hoton, ya juya yana duban Gaskins.

Dattijon ya jira. Da ya ga ba za a tashi ba, sai ya dafa gwiwarsa ya fara miƙewa.

Idris ya riga shi. Ku tuna, makomar yaron nan a hannun kocin take, kalma ɗaya za ta iya mai da shi benci. Ya bugi ƙirji ya ce, "Ni ne, Koci. Na ji kiran a hulata, na san ba daidai ba ne, na yi shiru na bi. Wannan nawa ne. Amma Baba Gaskins, don Allah koma ka zauna. Muryarka ko a mafarki na san ta, da tarin nan naka da komai. Jiya ba ita na ji ba."

Bai nuna kowa da yatsa ba.

Sai kujera ta yi ƙara a gefe. Semisi ne, ƙaton nan ɗan Tonga da ke tare gaba, wanda in ya shiga lif sai a jira ta dawo. Ya ce, "Ni ne. Mutumin da nake tarewa ya shige ta hammatata, ina tsaye kamar firji." Wani ya ce daga baya, "Firji ma ana turawa ya motsa, ɗan'uwa." Aka ɗan yi dariya, dariyar da ke kusa da kuka. Mai gudu da ƙwallo ya miƙe ya ce shi ne, ya bi inda babu kafar wucewa. Mai bugu ya miƙe ya ce shi ne, ya ɓarar da ɗaya tun farkon wasa, da ba a kai ga haka ba. Masu tsaro suka tashi, kowa da nasa. Mataimaka suka tashi. Gaskins ma bai koma ya zauna ba.

Wallahi, ya 'yan uwa, ban taɓa jin girman mutanen garin nan a raina kamar a wannan safiyar ba. Ɗaki guda na maza a tsaye, kowa hannu a ƙirji, kowa yana neman rabonsa na laifi. Mutum ɗaya ne a zaune a gaba, da na'urar faifai a hannunsa.

Gaskins ya matsa kusa da shi, ya yi ƙasa da murya, amma shirun ya sa kowa ya ji. Ya ce, "Tashi mana, ɗana. Kalma biyu ce. Kai ka koya mana ita."

Ga ƙofar tuba a buɗe, har da mai riƙe masa ita. Da ya miƙe, na rantse yaran nan da sun rungume shi, garin nan da ya yafe masa kafin bazara. Me zai rasa? Me ya rage masa da zai kare?

Ya dubi allo, bai dubi kowa ba. Ya ce, "Mu wuce na gaba." Ya danna na'urar.

Babu na gaba. Wannan ne hari na ƙarshe a faifan ƙarshe. Allon ya koma shuɗi, haskensa na kan fuskarsa.

Misis Halloran ta ɗauki jakarta. Da ma ita ba a tsaye take ba, ni ma haka, amma sai muka ga mun miƙe. Ta ce, "Na zo yau da niyyar sallamar mutum ɗaya, kuma ban canza ba. Mijina ya riƙe kocin da ya faɗi kaka uku a jere, bai kore shi ba. Faɗuwa ba ta ba ni tsoro. Babban koci, ka same ni a ofis."

Kafin azahar an cire sunansa daga wurin ajiye mota.

Ya ɗauka wata ƙungiyar za ta ɗauke shi kafin mako ya zagayo. Ya manta cewa sana'ar nan ƙaramin gari ce. Duk mai ƙungiyar da ya yi sha'awarsa sai ya buga waya ya tambayi waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa, kuma ya riga ya warwatsa su ko'ina da hannunsa. Ba wanda ya yi masa ƙarya. Gaskiya kawai suka faɗa, ta kuwa isa. Ya gangara kwaleji, mataimaka nagari suka ƙi bin sa. Ya gangara ƙasa da haka, bai daɗe ba. Masu tallan mota suka sauke hotonsa.

Bara na haɗu da shi a filin jirgi. Ya rame, gashi ya yi fari, ba wanda ya waiwaye shi. Na yi masa sallama, ya gane ni, ya riƙe hannuna. Na zaci zan ji abin da na daɗe ina yi masa addu'a. Sai ya ce, "Malam, ka san da Semisi ya riƙe mutuminsa, da yanzu ina da zoben waɗanda suka ci kofi a yatsana." Na tausaya masa ƙwarai. Har yau yana zaune a kujerar nan.

Gaskins kuwa ya ƙara kaka biyu, ya ajiye aiki da kansa, filin gaba ɗaya ya tashi tsaye yana tafa masa. Ku je makarantun unguwar nan ranar atisaye, za ku ga 'yan yara suna bugun ƙirji suna cewa "Ni ne." Ba su san wanda ya ƙirƙiro ta ba. Al'adar ta zauna a garin, mai ita ya fita.

Ya 'yan uwa, babanmu Adamu ya yi kuskure, ya ce shi ne, aka ɗaukaka shi. Iblis ya yi kuskure, ya tsaya kawo hujja, kun san inda ya ƙare. Kai maigida, in abu ya lalace a gidanka, wa kake juyawa ka duba? Kai mai shago, ke shugabar ma'aikata a asibiti, wa ke miƙewa a madadinku? Shugabanci ba kujera ba ce, shi ne ka riga kowa tashi ranar da abu ya ɓaci. Kuma akwai wata rana da za a kunna wa kowannenmu faifansa daga farko har ƙarshe. A ranar babu mataimakin da zai dafa gwiwa ya miƙe maka.

Allah ya kiyaye mu daga girman kai, ya kiyaye mu daga ɗora nauyinmu a wuyan wanda ya yi mana alheri. Allah ya ba mu ƙafafun tashi da harshen cewa "Ni ne" tun muna da sauran lokaci a agogo. Ku miƙe mu yi salla.