Wuƙar da Mantau Ya Bi Har Bakin Gulbi

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, tun zamanin da mutum kan sayi abu guda ya yi ta amfani da shi har ya bar wa ɗansa gado. Sunansa Mantau, maƙeri ne. Ba malami ba ne, ba mai dukiya ba ne, karatunsa bai wuce abin da zai yi salla da shi ba. Ku saurara, jama'a. Labarin nan na daɗe ina riƙe da shi, kuma duk ranar da na ba da shi sai kewar mutanen da ta kama ni.

Sauran maƙeran garin fartanya suke ƙerawa da gatari da lauje. Shi Mantau abu ɗaya ya kama ya ƙware a kai, wato wuƙar aljihu, wadda ake naɗewa a cikin ƙotarta. Na ga samari suna gyaɗa kai, wai sun san ta, ga ta nan cike a kasuwa. Ba ku san ta ba. Taku ta kwana bakwai ce, ku fere rake sau biyu ta fara rawa kamar haƙorin tsoho. Ta Mantau kuwa, a cikin ƙotarta akwai wani siririn ƙarfe da yake kira makulli. In ka buɗe ta sai ka ji ta ce ƙas, makullin ya danne bayan kaifin, ba za ta sake rufuwa ba sai ka latsa shi da babban yatsa. Ido ba ya ganin makullin nan, yana ɓoye a ciki, amma shi ne tsakanin kaifin wuƙar da yatsun mai riƙe da ita.

Maharba a wurinsa suke saye, da makiyaya, da masu ɗebo zuma a daji, da masunta. Kuma ba ya miƙa maka wuƙa ka tafi haka kawai, sai ka zauna ka sha wa'azi. Zai ce, "In ka dawo daga daji ka samu gashin kaza ka share yashin da ya shiga gaɓarta. In ta jiƙe ka shanya ta a buɗe, kada ka naɗe ta da laima, tsatsa daga ciki take farawa. Ka ɗiga mata man kaɗanya ɗigo guda, guda na ce, ba miya kake yi ba. Ka wasa ta a dutse da ruwa, a hankali. Ranar da ka buɗe ta ba ka ji ƙas ɗin nan ba, kada ka yanka ko igiya, ka kawo mini ita." Wasu har sun haddace, suna raka shi faɗa suna dariya.

To, ga al'adarsa, ku riƙe ta da kyau, don a kanta labarin yake. Mantau ba ya ƙera makulli ɗaya. Biyu yake yi, daga ƙarfe ɗaya, a wuta ɗaya, ya tsoma su a mai tare. Sannan ya mayar da su kan garwashi a hankali, har launinsu ya koma irin na wuyan tantabara. Wannan ɗumi na biyu shi ke sa ƙarfe ya lanƙwasa ya dawo, maimakon ya karye. Sai ya sa ɗaya a wuƙa, ɗayan ya rataye shi a ƙusa a bangon maƙera. Kowace safiya, har kwana uku, zai sauko da na bangon ya lanƙwasa shi da awartaki. Yana cewa tagwaye ne, abin da ya sami wannan shi zai sami wancan. Shekara talatin da 'yan kai yana haka, na bango bai taɓa karyewa ba, kuma ba a taɓa dawo masa da wuƙa an ce ta ci amana ba.

Ana nan sai Allah Ya yi wa Sarkin Maƙeran garin rasuwa. Dattawa suka kai wa hakimi sunaye biyu, na Mantau da na wani maƙeri ana ce masa Cindo. Cindo ya fi shi baki, ya fi shi jama'a. Abu ɗaya Mantau yake da shi, shi ne sunan nan cewa aikinsa bai taɓa ɓaci ba. Hakimi ya ce ran Juma'a mai zuwa za a naɗa rawani, kuma kowa ya san inda hankalinsa ya karkata.

A cikin makon nan wani masunci mai suna Jatau ya zo maƙera. Jatau shi ne mai nutso a cikin ayarinsu. In taru ya sarƙe a kututture a ƙarƙashin ruwa, shi ke shiga da numfashi guda ya yanke inda ya kama. Wuƙar kube ba ta yi masa, zamewa take yi ta ɓace, saboda haka ta naɗewa yake ratayawa a wuya da igiya. Ya ce, "Baba, tawa ta tsufa, ga shi gobe za mu sauka gulbi. A taimaka mini da sabuwa."

Mantau ya zauna ya yi masa. Ya kai ga ɗumi na biyu ke nan, ƙarafan suna kan garwashi, sai ga mutanen unguwa sun cika ƙofar maƙera, wannan ya ce "Ranka ya daɗe, Sarki," wancan ya ce "Allah Ya sanya alheri." Jama'a, mutum ne shi, zuciya gare shi irin tamu. Daɗi ya kama shi. Yana amsa gaisuwa, yana murmushi, ya sauke ƙarafan nan daga wuta launinsu bai kai ba, bai kuwa lura ba. Ya haɗa wuƙa, ya buɗe, ta ce ƙas. Jatau ya sha wa'azinsa ya yi godiya ya tafi.

Safiya ta farko Mantau ya lanƙwasa na bango, lafiya. Safiya ta biyu, ranar Laraba ke nan, ya kama shi da awartaki, ya ɗan matsa, sai ƙarfen ya ɓalle gida biyu.

Ya daɗe a tsaye yana kallon gutsattsarin a ƙasa. Babu kowa a maƙerar. Ku lura, babu kowa. Ya tsince su ya shiga gida ya nuna wa matarsa Tabawa.

Tabawa mace ce ta kirki, kada ku zage ta a zuci, abin da yawancinmu za mu faɗa ta faɗa. Ta ce, "Malam, wa ya gani? Jibi ne fa Juma'a. Bakin gulbi tafiyar yini da rabi ce, ga ciwon gwiwarka. Ka bari a naɗa ka, ran Asabar sai ka tafi."

Ya ce, "Shi taru ya san Juma'a? Yau ma yana iya sarƙewa."

Ta ce, "To ka aiki wani."

Ya ce, "In ce masa me? Jatau ba zai saki wuƙata ba don wani ya ce masa ta ɓaci. Ni na cika masa kunne cewa ba ta ɓaci."

Ta ce, "Shekara talatin kana gina sunan nan."

Ya ce, "Na sani, Tabawa. Wallahi ina son rawanin nan, ba zan ɓoye miki ba. Amma in wuƙar nan ta rufe a kan yatsunsa yana ƙarƙashin ruwa, taru ya naɗe shi, da wane kai zan ɗauki rawani?"

Ya ɗauki sandarsa da gorar ruwa ya kama hanya. Kuma bari in gaya muku gaskiya, don kada ku ɗauka mala'ika ne. A kan hanya ya yi ta shirya dabara. Ya ce in na isa sai in ja Jatau gefe, in ce zan ƙara mata washi, in musanya masa da tawa, kowa bai ji ba, in juyo in riski Juma'a. Ya tsira da yatsunsa, ni ma in tsira da sunana. Da wannan tunanin ya yi ta jan gwiwarsa, ya ya da zango a wata ruga, da gari ya waye ya ci gaba.

Hantsi ya ɗaga sosai ran Alhamis ya iso bakin gulbi. Gaɓa cike da mutane, masunta da fatake masu sayen kifi, da yawansu 'yan garinsu ne, har da surukin Cindo. Can a tsakiyar ruwa ga jirgi ya tsaya, ana ta jan taru ya ƙi zuwa. Ga Jatau a tsaye a goshin jirgin, ya tuɓe riga, wuƙar tana reto a ƙirjinsa.

Mantau ya ɗaga sanda ya ƙwala kira, "Jatau! Jatau! Zo, ina son magana da kai!"

Jatau ya hango shi ya ɗaga hannu yana dariya. "A'a, Baba ne da kansa? Sannu da zuwa! Bari in kwance tarun nan in fito, yanzun nan!" Ya juya, ya fara jan numfashi.

Kun ga inda Allah Ya tsayar da bawanSa? Dabara ta ƙare. Babu gefe da za a ja mutum, babu raɗa. Ko ya yi shiru, ko ya faɗa da muryar da za ta tsallaka ruwa, wadda kowa a gaɓar nan zai ji. Mantau ya jefar da sanda ya haɗa hannuwansa a baki.

"Kada ka shiga! Wuƙar nan ba ta da kyau! Ni na ɓata aikin! Makullinta zai karye!"

Aka juyo da jirgi. Jatau ya sauko yana cewa, "Haba Baba, wuƙarka? Jiya ma na yi aiki da ita." Mantau ya miƙa hannu. Ya karɓe ta ya buɗe, ya ɗauki kara mai kaurin yatsa ya gicciya shi a inda yatsu ke kamawa, ya riƙe ƙotar ta can ƙarshe, ya buga bayan kaifin a jikin jirgi. Ya buga na farko, ba komai. Ya buga na biyu, makullin ya ɓalle, wuƙar ta rufe, karan ya faɗi gida biyu a kan yashi. Jatau ya dubi karan, ya dubi hannunsa, sai ya zauna a ƙasa.

Mantau ya ciro tsohuwar wuƙarsa ya ba shi aro, ya sa ɓatacciyar a aljihu ya juya gida. Kafin ya isa, labari ya riga shi. Kuna jira in ce hakimi ya ji ya ce wannan ne mai gaskiya, a naɗa shi, ko? Ba haka aka yi ba. Cindo aka naɗa. Aka ce mutumin da ya tsaya gaban jama'a ya ce aikinsa ya ɓaci, tsufa ya kama shi. Tabawa ta yi kuka. Shi ma abin ya yi masa ciwo, amma da ya huta ya wanke ƙafa ya je ya durƙusa ya gai da sabon Sarki. Aka daɗe ana tsokanarsa a kasuwa, "Baba, wannan ma za ka biyo mu daji ne?" Sai ya ce, "In ta kama, zan biyo ku." Ya sake wa Jatau makulli, ya rataye ɗan'uwansa a bango, wannan karon har kwana bakwai. A maƙerar nan ya ƙare rayuwarsa, da 'yar hularsa mai toka, rawani bai taɓa hawa kansa ba.

Za ku ce a ina na ji wannan. Jatau kakana ne, shi ya haifi mahaifiyata. Hannun nan nasa na dama, da yatsunsa biyar cif, shi ya kama nawa ya koya mini alwala. Duk ranar Juma'a yana zama a kan tabarma da gashin kaza da ɗan man kaɗanya a sakaina, yana share wuƙarsa yana cewa, "Allah Ya ji ƙan Baba Mantau." Na tambaye shi shi kuma Sarki Cindo fa, sai ya ce shi ma Allah Ya ji ƙansa, amma bai tuna ko lauje ɗaya nasa ba.

Ga ta nan a aljihuna. Ku yi shiru ku ji. Kun ji? Har yau tana cewa ƙas. An wasa ta har ta siranta, ƙotar ta yi baƙi don hannu, amma makullin nan na biyu bai taɓa sakin kaifin ba.

To jama'a, abin da nake so ku tafi da shi gida ke nan: amana a inda ido ba ya gani take. Kowannenmu yana da makullin da yake sawa a cikin ƙota ya rufe. Kai mai gyaran mota, birkin da ka ɗaura mai motar ba zai leƙa ba. Kai magini, simintin da ka rage a tushe fenti zai rufe shi. Ke mai abinci, ke kaɗai kika san kwanan miyar nan. Kuskure kowa yana yi, Mantau ma ya yi, kuma son girma ne ya jawo masa. Amma da ya gano, bai jira Asabar ba. In akwai wanda yake zaune a nan ya san ya miƙa wa wani aikin da ya ɓaci, mutumin yana can yana dogara da shi bai sani ba, to kada ka jira ka ji labari. Ka tashi yau ka bi shi ka gaya masa, ko da a gaban mutane ne, ko da sunanka zai zube. Allah Ya ji ƙan mazan jiya, mu kuma Ya ba mu ƙarfin halin faɗin laifinmu tun wanda muka cuta yana bisa jirgi.