Sifanar Saja Haladu

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba. Bakanike ne a makarantar da sojoji ke koyon tuƙin jirgin sama, ana ce masa Saja Haladu. Ku saurara da kyau, har da ku na baya da kuke ta latsa waya.

Ita wannan makaranta an kafa ta ne tun ƙasar ba ta da matuƙi nata na kanta, sai dai a tura samari ƙetare a zauna jira. Da jirage uku aka fara, da rumfar kwano guda. Aikinta kuwa a fili yake: a kawo saurayin da bai taɓa tuƙa abin da ya wuce keke ba, a koya masa tashi, a koya masa sauka, ya tsare ƙasarsa, ya koma wa uwarsa da ransa. Da Haladu aka buɗe rumfar nan. Shekara ashirin yana gyaran jirgi, bai taɓa hawa ba.

To, suna da wata ƙa'ida. A bangon rumfar akwai allo, an zana siffar kowane kayan aiki da jan fenti. Abin da ka ɗauka, ka mayar da shi kan zanensa. In aka ga zane ɗaya babu komai a kansa, jirgin da aka taɓa ba ya tashi, don ɗan ƙarfen da aka manta a cikin inji ya isa ya kashe mutum.

Sai ranar yaye ɗalibai ta zo. Manya sun hallara, 'yan badujala suna ta busa. Lurwanu, wanda ya zo na ɗaya, shi zai tashi shi kaɗai a gaban jama'a, mahaifiyarsa ma ta zo tun daga ƙauye. Saura minti ashirin, Haladu ya ɗaga kai ya ga zanen sifana mai lamba goma fayau. Kuma shi da hannunsa ya yi aiki da ita a jirgin Lurwanu da safe.

Jama'a, ba wanda ya gani. Ba wanda ya gani! Kuma akwai irinta sak a akwatin babur ɗinsa. Da ya ɗauko ya rataya, shi ke nan, magana ta mutu.

Bai ɗauko ba. Ya tafi gaban Kwamanda, ya ƙame, ya sara, ya ce sifana ta ɓace, shi ya ɓatar, jirgi ba zai tashi ba. Ran Kwamanda ya ɓaci. Shirya wani jirgin sai an ci awa uku, ga baƙi a rana. Kwamanda ya lallashe shi, ya ce wataƙila tana wani wuri. Da lallashi ya ƙi ci, ya daka masa tsawa ya ce ya sa hannu a takardar sallamar jirgi ko ya kwana a gadurum.

Haladu ya ce, "Yallaɓai, igiya ukun nan ku kuka ba ni, ku karɓi abinku. Hannun nan kuwa Allah ya ba ni, ba zai sa ba."

Ya juya ya je gaban tayar jirgin, ya zauna a ƙasa. Aka ce ya tashi, ya ƙi. Aka ɗauke shi cak, amma duk rumfar aka rasa bakaniken da zai sa hannu bayan abin da ya ji. Biki ya watse babu tashi. Lurwanu ya wuce shi ko kallo bai yi masa ba.

Na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce an buɗe inji an ga sifana, kowa ya yi salati, an ƙara masa girma. A'a. Kwana biyu ana kwance jirgi, babu komai. A wurin alwala aka tsince ta, bayan randa, ta zame daga aljihunsa. Aka cire masa igiya ɗaya, barikin duka yana yi masa dariya. Kwamanda ya tambaye shi ko yanzu ya ga wautarsa.

Ya ce, "Yallaɓai, ranar ban san inda take ba. Gobe ma in ban sani ba, a gaban tayar za ka same ni."

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Kafin ta koma ƙauye, tsohuwar nan mahaifiyar Lurwanu ta nemi a kai ta wurinsa. Ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, su sun zo kallon tashinsa. Ni saukarsa nake roƙo. Allah ya yi maka albarka."

To, 'yan'uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi. Gaskiya ba ta jiran sai sakamako ya wanke ka. Abin da ba ka tabbatar ba, kada ka ce ka tabbatar, ko wane ne ya tsaya a kanka. Kai direba da ka ji birki yana wasa ka ce Allah zai kiyaye, kai magini da ka rage siminti, ke da kike miƙa maganin da ba ki duba kwanan watansa ba, kowannenku akwai uwar wani da take roƙon saukar ɗanta. Za a yi muku tsawa, za a yi muku dariya, a yi. Ku zauna a gaban tayar. Allah ya ba mu ikon cewa a'a ranar da ta kama.