Ungulu Ta Ce Za Ta Tsaya Cak a Iska

Wata rana da hantsi, Ungulu mai cika baki ta sauka shan ruwa a wani kududdufi. Ta tarar da Mazari, ɗan siririn ƙwaron nan mara hayaniya, tsaye cak a iska a saman ruwan, ba gaba ba baya. Kwaɗo sarkin tsokana yana gefe yana shan rana.

"Kai tsinke, wa ya rataye ka a nan?" in ji Ungulu.

"Ba kowa, Iya," in ji Mazari. "Fukafukaina huɗu ne. Na gaba na sauka, na baya na hawa, kowanne ina murza shi ya tura iska ƙasa. Ita ke riƙe ni."

"Ni za ka koya wa iska? Ni da nake gaisawa da gajimare!"

Kwaɗo ya ce, "Ai ke zafin rana ke ɗaga ki, ki shanya fiffike kamar tabarma ki yi ta zagaye. Tsayawa wuri ɗaya kuwa sai masu abin."

"Rufe min baki, mai idanu a ka! Yanzu zan tsaya. In na tsaya, tsinken nan ya bar kududdufin har abada."

Mazari ya leƙa ƙasa, don ƙwayayen matarsa suna cikin ruwan.

Ungulu ta tashi, ta zo saitin taɓo, ta daina yin gaba. Ta shiga kaɗa fukafukai, fat! fat! Amma nata dogaye ne masu nauyi, ba sa murzuwa. In ta buga su ƙasa ta hau taƙi ɗaya, kafin ta ɗago ta sauka kamu biyu.

Kwaɗo ya fara ƙirga mata: "Ɗaya, bi..."

Caɓal! Sanƙonta ne ya fara nutsewa, ƙafafu a sama suna harbin iska.

"Wallahi kin tsaya cak, Iya," in ji Kwaɗo, "sai dai a taɓo!"

Da ƙyar ta zare kanta, laka ta manne mata fukafukai. A ƙasa ta tafi mahauta tana ɗingishi, kaji suna yi mata sannu. Ko da ta isa, 'yan'uwanta sun cinye hanjin ranar, sai ƙudaje.

Darasin wannan labari shi ne, gwaninta iri-iri ce. Wanda ya raina ta ƙaramin da ke gabansa, da kansa zai auna zurfin taɓo.