Sarkin da Ya Ƙi Roƙon Gawarwakin Mutanensa

An ce wani sarki ya yi zamani a wani ƙaramin birni na ƙasar Girka, mutum mai babbar murya da son yabo. A kwanakinsa ne Makidoniyawa suka gangaro daga duwatsun arewa da masunsu dogaye, waɗanda mutum yana can tsakiyar sahu zai soki wanda ko fuskarsa bai gani ba. Sarki ya ce ai makiyayan tumaki ne, ko Girkanci ba su iya ba sai gwaranci. Ya tara mazajen birni, ya fita ya tare su a wani fili mai gonakin sha'ir. Kafin rana ta take tsaka an gama da mazajen birnin. Sarki ne ya fara isowa ƙofar gari, domin dokinsa ya fi na kowa gudu.

To, Girkawa suna da wata al'ada, Makidoniyawa ma sun yarda da ita. In an tashi daga yaƙi, wanda fili ya zauna a hannunsa ba ya hana gawa, amma ba ya bayarwa sai an roƙa. Wanda aka kora shi zai aiki sanƙira, wato mai shela, riƙe da sandar aminci, ya tsaya gaban abokan gaba ya ce, "An ci mu, ku ba mu matattunmu." Da zarar an furta wannan, gardama ta ƙare, kowa ya san wanda ya yi nasara. Kuma a wurinsu babu masifar da ta kai a bar mutum ba a binne ba, don sun ɗauka ransa ba zai sami masauki a lahira ba.

Da sarki ya sha ruwa numfashinsa ya dawo, sai ya kira wazirinsa ya ce, "Ya waziri, me ka gani a filin nan?"

Waziri, wanda shi ne na biyu a isowa ƙofa, ya ce, "Ya sarki, na ga ka jawo maƙiya da dabara har kusa da ganuwa, tsoro ya kama su suka tsaya."

Sarki ya ce, "Abin da na gani ke nan ni ma."

Nan take ya sa sanƙira ya yi shela cewa birni ya ci yaƙi, kuma duk talaka ko bafaden da ya furta "an ci mu" za a yanke masa harshe. Ya rantse a gaban gunkin birni cewa ba za a janye dokar ba. Aka ɗauko tsofaffin garkuwoyi daga rumbun fada, aka shafa musu alamar Makidoniya, aka rataye a kasuwa a matsayin ganima. Yara suna taɓawa, shuni yana bin yatsunsu.

Kwanaki suka shuɗe. Mata suka taru a ƙofar gari da kekunan shanu da likkafani, ba mai buɗe musu. Ungulaye suna shawagi a kan gonakin sha'ir, kuma in iska ta juyo daga can sai masu sayar da abinci su rufe tukwanensu.

A birnin akwai wani tsohon malami mai suna Kiliyandar, wanda yake koya wa samari muhawara a gindin ɓaure. Sarki ma ya zauna a gabansa yana yaro. Ɗansa guda ɗaya, Filon, yana cikin waɗanda ke kwance a filin. Tsohon ya ɗauki sandarsa ya shiga fada ana tsakiyar kiɗa.

Sarki ya ce, "Ya malamina, ka zo taya ni murna ne?"

Ya ce, "Ya sarki, tambaya ce ta kawo ni. Tsufa ya sa na manta abin da na koya maka, ko za ka tuna mini. Wanda ya ci yaƙi, fili na wane ne?"

"Nasa ne."

"Mai fili yana neman izinin wani kafin ya shiga filinsa?"

Sarki ya yi dariya ya ce, "Lallai ka tsufa. Ba ya nema."

Kiliyandar ya ce, "Madalla. Ashe a banza matan nan suke kuka. Tun da kai ka ci, ba sai an roƙi kowa ba. Tashi ka shige gaba, mu bi ka mu kwaso 'ya'yanmu."

Makaɗa suka tsaya. Waziri ya yi gyaran murya ya ce, "Ya malam, ai rana ta yi zafi yau, bai kamata sarki ya fita ba."

Tsoho ya ce, "Zafinta ne ya kawo ni, ya waziri. Ɗana yana kwance a cikinta."

Sarki ya dubi fadawa, ya ga duk shi suke kallo. Sai ya ce a ɗaura wa doki sirdi. Aka buɗe ƙofar gari, mata suka dare suka ba shi hanya. Yana fita ya hangi masun Makidoniyawa a tsaye bisa tudu kamar karan dawa da ba a girbe ba. Ya ja linzami. Daga baya ya riƙa cewa dokin ne ya ƙi tafiya.

Ya sunkuya ya raɗa wa sanƙira, "Ɗauki sandar aminci ka je ka faɗa musu."

Sanƙira ya ce da ƙarfi, don bai saba magana a hankali ba, "Ya sarki, da bakina na yi shelar nan. Harshe ɗaya gare ni, kuma da shi nake ci."

Sarki ya waiwaya yana neman waziri, aka ce yanzun nan ciwon ciki ya kama shi ya koma gida.

Kiliyandar ya karɓi sandar daga hannun sanƙira, ya miƙa wa sarki, ya ce, "Dokarka ta ambaci talaka, ta ambaci bafade. Harshe ɗaya ne a birnin nan da ba ta hau kansa ba."

Sarki ya sauka daga doki, ya taka da ƙafa ta cikin gonakin, yana kawar da ido daga abin da ke kwance dama da hagu. Sarkin yaƙin Makidoniyawa ya fito ya tare shi, ya ɗaure hancinsa da tsumma. Sarki ya faɗi kalmar ƙasa-ƙasa.

Mutumin ya sa hannu a kunne ya ce, "Ɗaga murya, ya sarki. Mu makiyayan tumaki ne, Girkancinmu bai nuna ba."

Sai sarki ya buɗe babbar muryar nan tasa ya ce, "An ci mu, ku ba mu matattunmu!" Har matan da ke ƙofar gari suka ji.

Sarkin yaƙi ya ce, "Ku kwashe su. Namu tun ranar muka binne. Waɗannan sun tsaya lokacin da ka gudu, sannan suka ci gaba da jiranka."

Kekunan shanu suka shigo fili. Kiliyandar ya bi gawa ɗaya bayan ɗaya, yana durƙusawa, yana tashi da ƙyar. Rana da ungulaye ba su bar wa kowa fuska ba. Har yamma bai gane ɗansa ba, sauran iyaye ma haka. Aka haƙa rami guda mai faɗi aka zuba su duka.

Ana mayar da ƙasa sarki ya matso kusa da tsohon, sandar tana hannunsa har yanzu, ya ce, "Ya malam, ga shi na faɗi kalmar. Ban yi adalci ba?"

Kiliyandar bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ka yi, ya sarki. Da ranar farko ka yi shi, da na ga fuskar Filon."

An ce sarki ya koma ya sa aka sauke garkuwoyin kasuwa, ya rataye sandar amincin a wurinsu, bai ƙara tambayar waziri abin da ya gani ba. Malamin kuwa bai sake zama a gindin ɓaure ba. Abin da almajiransa suka riƙe daga bakinsa na ƙarshe shi ne: adalci yana da lokacinsa kamar jana'iza, in sarki ya makara, sai dai ya rufe abin da ungulu ta bari.